Adaka Ta Zo, Mai Ita Bai Zo Ba

SHAFI NA 17

Masu bina da ƙorafi wai na bar Turai da rariya a hannu ta kasa buɗe baki, na ji ku. Ba ni na ɗaure mata harshe ba, haka ta tarar iyayenta suna yi. Ku gyara zama.

*

Tun shekaranjiya da Ilu ya dawo daga Jos, tsakar gidan Malam Sodangi a Kurfi bai huta da mata ba.

Haka abin yake duk bazara, har wannan da ta biyo bayan samun mulkin kai. Da zarar zafi ya kai inda zai kai, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa, sai 'yan cin rani su yi ta dawowa don sharar gona. Kowa da ƙunshin tsarabarsa, amma abin da aka fi jira yana cikin bakinsa. Ilu kuwa, ƙanin Malam Sodangi, Allah ya hore masa baki. Da hantsin nan yana zaune a inuwar rumbu, ya jingina sabon kekensa inda kowa zai gani.

"Ilu, Audina fa? Shina dai cin abinci ko?" in ji Sa'adiya maƙwabciya.

"Audinki? Ai ya yi ƙiba har wuyan ya ɓace. Ya sa haƙorin gwal kuma. Yanzu ko rasuwa aka gaya mashi sai ya buɗe baki don a gani."

Mata suka kwashe da dariya.

"Sabitu fa?"

"Ya bar haƙar kuza, ya kama keken ɗinki a Bukuru. Wandon farko da ya ɗinka mani, ƙafa guda ta fi guda. Na ce mashi ni ba gurgu ba ne."

"Kai Ilu, ka ji tsoron Allah!"

"Fatu ta samu tagwaye, duka maza, ta ce a gaya ma innarta ta aiko da daddawa, ta can ba ta da ƙamshi. Kuma a tashar Zariya na gamu da wani mutumin Makera, ya ce ya ga Alu a Ikko. Wai ran da Alu ya fara ganin teku, ya daɗe tsaye, sannan ya ce ashe kogin Karaduwa kwata ne."

Aka sake tuntsirewa. Su ma suka shiga ba shi nasu: wanda ya yi aure, rijiyar da ta ƙafe, akuyar da ta haifi uku, tsohon da bai ga bazarar bana ba. Ilu yana gyaɗa kai yana ajiyewa, don duk zai kwashe su ya kai Jos bayan kaka.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba.

Turai, matar Malam Sodangi, tana bakin ɗakinta tana tankaɗe. Garin ya daɗe da ƙarewa a rariya, ita dai tana ta kaɗawa.

Ita ma tana da ɗa a Jos, Lawal, ɗanta na fari. Tun daga yaye kakarsa ta ɗauke shi zuwa Wurma, can ya girma. Turai ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In dole ta kama a yi maganarsa sai ta ce “mutumin Wurma”. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma a duk unguwar da Turai ake ba da misali. Tana jin daɗin wannan yabo, kada in ɓoye muku.

Ilu ya san hanyar da ake bi da irin su. Duk shekara sai ya juya fuska wajen ɗakinta, ya ɗaga murya kamar da kurma yake magana, ya ce da autarta, "Sakinatu, yayanki lafiyarshi lau, ya sayi agogo!" Turai ta yi kamar ba ta ji ba, ta shige ɗaki ta yi hamdala.

Bana bai juyo ba. Ya ba da labarin kowa, har da karen wani Bature da ya kori Sabitu, amma Lawal ko a tari bai fito ba.

Abu biyu suka tsaya mata a rai. Da sanyin da ya wuce, a bakin rijiya ta ji ana cewa wani ramin kuza ya rufta da mutanen ƙasar Katsina. Da ta kewaya da maganar wajen mijinta, cewa ya yi, "Jos da faɗi," ya ci gaba da jan carbi. Na biyun kuma jiya ne, da ta kai abinci turakar Malam. A bayan ƙofa ta ga adakar Lawal, koriya, ɗaure da igiyar ramar da ita ta tufka da hannunta ta ba Sakinatu ta kai masa ranar da zai tafi.

Kowa ya san lokacin da kayan mutum ke dawowa gida ba shi.

Ta kira Sakinatu ƙasa ƙasa.

"Je ki tambayi baffanki, mutanen can duka lafiya?"

Sakinatu ta je ta dawo tana murza gefen zane.

"Mi ya ce?"

"Ya ce mutanen can da yawa. Na ce yayana nake nufi."

"Sai ya ce mi?"

"Ya ce wanda ya aiko ni shi zo da kanshi."

Rariyar ta suɓuce daga hannun Turai.

Sai da matan suka watse ta miƙe. Ta sami Ilu tsugune yana ɗiga wa sarƙar keke man gyaɗa.

"A'a, matarmu da kanta," in ji shi. "Ko hawa za ki yi?"

"Ilu, ba wasa ya kawo ni ba."

"To, mi ya kawo ki?"

"Na ga kaya a ɗakin Malam."

"Kaya da yawa a ɗakin Malam."

"Adaka."

"Na'am, akwai adaka."

Ya ci gaba da juya feda bai ɗago ba. Ilun da ba ya iya riƙe magana ko ta minti guda, yau shi ne ake jan zance daga bakinsa kamar guga. Wannan ya ƙara tsinka mata zuciya.

"In wani abu ya faru, ku gaya mani. Ni ba yarinya ba ce."

"Ya faru da wa, Yaya?"

"Ka san wanda nake nufi."

"Ni ban sani ba. Audi? Sabitu?"

"Mutumin Wurma."

"Wurma gari guda ce."

Ta dube shi. Idanunsa sun kaɗa, gumi na zuba a goshinsa, kuma ba na zafin rana kaɗai ba ne. Roƙonta yake da ido. Ba ta gane abin da yake roƙo ba, ta dai ji wani abu ya taso mata daga ƙirji wanda ya fi ƙarfin kunya.

"Ɗana, Ilu! Ɗana nake tambaya! Shina da rai ko ya mutu?"

Ilu ya saki feda, ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Wallahi Yaya kin kusa kashe ni. Shina da rai. Lafiyarshi lau, da ƙafarshi shike tafiya."

Turai ta dafa rumbu. Ta so ta yi magana, sai hawaye suka riga ta. Sakinatu, da ba ta taɓa ganin hawayen uwarta ba ko ranar da aka yi rasuwa, ta tsaya riƙe da baki.

"To don mi ka yi mani haka? Mi na yi maka?"

"Rantsuwa ya sa na yi."

"Wa?"

"Shi. Zauna ki ji."

Ba ta zauna ba. Ilu ya goge hannu a riga.

"Ramin nan da aka ce ya rufta, har da shi. Allah ya yi da sauran kwana, aka tono shi, amma cinya ta karye. Duk sanyin nan a kwance ya yi shi wajen mai ɗori. Tun farko na ba wani direba saƙo ya kawo nan gida."

"Nan gidan?"

"Nan gidan."

"Ban ji ba."

"Yanzu na sani. Amma can ba mu sani ba. Waɗanda suka ji ciwo tare da shi, kowa an aiko. Uwar wani ta aiko da man shanu, uwar wani daga Wurma ta sa ƙanenta ya taka har Jos. Shi kullum in ya ji mota ta tsaya sai ya ce, Baffa, Inna ta aiko? In ce tukuna."

Turai ta rufe ido.

"Da na ga abin ya dame shi sai na ce mashi, innarka ta aiko tana yi maka sannu. Ya dube ni ya ce, Baffa, da bakinta ta ce? Na ce ƙwarai. Ya ce rantse."

"Ka rantse?"

"Ina zan rantse? Nan ya gane. Ya ce, ashe duk gaisuwar da kake kawo mani shekara da shekaru, wai Inna na gaishe ka, kai ke ƙera ta a hanya. Kin san ba ki taɓa ba ni saƙo ba, Yaya. Daddawa da kuka kike ba Sakinatu ta ba ni, ni ke sa masu magana."

"Ai ya san al'ada," in ji Turai. "Ba baƙo ba ne."

"Haka na ce mashi. Ya ce, na san kunya, Baffa, ban ce ta goya ni ba. Amma ƙasa ta rufe ni, aka tono ni, ta ji, ko sannu. Anya kunya ce wannan?"

Maganar ta soke ta. Daidai nan Malam Sodangi ya shigo daga zaure, don muryar Turai ta kai har can, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya aure ta. Ta juya ta fuskance shi.

"Malam, saƙon direba ya iso?"

Ya tsayar da jan carbi.

"Ya iso."

"Ka ji ya karye?"

"Na ji. Na sa an yi mashi addu'a a masallaci, na aika da abin da ya samu."

"Ni fa?"

"Gudun tashin hankalinki na yi. Na ce in na gaya maki ba ki iya tambaya, ba ki iya kuka a gaban mutane, sai dai abin shi ci ki a ciki. Na ce bari ya warke tukuna."

"Ka ɓoye mani don kada in yi kuka, shi kuma shina can kwance shina jiran kukan nawa."

Ba mugunta Malam ya yi ba, kuma Turai ta san haka, shi ya sa ma ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. Miji ya yi shiru don tausayi, ita ta yi shiru don kunya, yaro yana can yana fassara shirun yadda ciwo ya nuna masa.

Ta koma kan Ilu.

"Adakar fa? Mi ya kawo ta?"

"Ai tare muka taho. Ya ce ya gama da rami, gida zai dawo ya kama noma. Muna sauka Dutsin-Ma sai ya tsaya cak. Ya ce, Baffa, wuce kai kaɗai. Kada ka ce mata komai a kaina. In ta tambaye ka da bakinta, ka dawo ka rantse mani, in biyo ka. In ba ta tambaya ba, na san matsayina, in koma inda na fito. Ni ko na sure adakar don kada ya gudu. Ya ce in riƙe, ba ita ce damuwarshi ba."

"Shina Dutsin-Ma?"

"Shina gidan wani abokin aikinshi."

"Tun shekaranjiya?"

"Tun shekaranjiya nake zaune a ƙofar ɗakinki ina zuba labarin 'ya'yan mutane, ko za ki ji haushi ki tambaya. Har haƙorin Audi na ƙara ma girma."

"Har yaushe ya ce zai jira?"

Ilu ya ɗaga kai ya dubi rana. Fuskarsa ta canja.

"Ranar kasuwa. Ya ce motar Funtuwa zai bi in an taso daga azahar."

"Yau ce kasuwar Dutsin-Ma," in ji Sakinatu.

Ilu ya zabura ya kama keke.

"Bari in taka. In Allah ya so ina cim mashi, in rantse mashi da abin da duk ya ga dama."

"Tsaya," in ji Turai. "Kai wa zai yarda da kai? Kai da ka ce wuyan Audi ya ɓace?"

Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi.

"Malam, zan tafi Dutsin-Ma."

"A kan keke? Da girmanki? A ratsa da ke ta tsakiyar gari?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam."

Ya dube ta, ya dubi ƙanensa. Sannan ya cire rawaninsa ya naɗe a kan kariyar keken don kada ƙarfe ya ƙona ta.

"Ilu, ka bi a hankali wajen yashi."

Mutanen Kurfi sun ga abin kallo ran nan. Turai, wadda ko dariya sai ta rufe baki, ga ta a bayan keke ta ƙanƙame rigar ƙanin miji, tana salati duk inda suka faɗa rami. Sa'adiya ta fito da gudu tana tambayar wa ya mutu. Ilu ya waiwayo ya ce, "Ba kowa, amarya zan kai!" Turai ta ɗaka masa duka a baya, ta ce ya kalli gabansa.

Hanya ta yi tsawo. Rana ta take, ƙasa na tururi, gonaki a share sai toka da tarin taki suna jiran ruwa. Inda yashi ya yi yawa su sauka su tura, kuma ita ce a gaba. Ilu yana haki yana cewa da ya san haka ne da bai ci tuwon safe da yawa ba. Ita ba ta jin sa. Tana ta shirya abin da za ta ce, duk wanda ta shirya sai ta ga ba zai fito ba. Ta yaya ake fara magana da ɗan da ba ka taɓa kallon idonsa ba?

Suna hango duwatsun gari suka ga mutane na fitowa daga masallaci. Iska mai sanyi ta taso daga gabas, gari ya fara lumshewa.

"Taka, Ilu."

"Yaya, ƙafar ta mutum ce."

"Taka na ce!"

Ba su bi ta gidan abokin ba, tasha suka nufa kai tsaye. Kasuwa ta cika maƙil, masu hatsi na ta rufe buhuna saboda hadari, jakuna na kuka. Ilu ya jefar da keke ya kutsa yana tambayar motar Funtuwa.

"Ga ta can, ta tashi," in ji wani mai goro.

Babbar mota ce mai bodin katako. Ta riga ta fita daga tasha tana hawa titi a hankali saboda nauyi, mutane jere a kan buhuna sun ba da baya, kowa ya ja riga ya rufe kai don ƙura. Ilu ya bi ta da gudu yana ɗaga hannu. Bai yi nisa ba ƙafafun da suka tuƙo keke daga Kurfi suka ce sun gama, ya durƙushe yana haki, murya ta ƙi fita.

Ya juyo ya dubi Turai.

Tana tsaye a tsakiyar tasha. Ga 'yan Kurfi da suka zo cin kasuwa, ga mutanen Wurma dangin mijinta, duk sun gane ta, sun tsaya suna kallo. Motar tana ƙara nisa. A cikin bayan mutanen nan ba ta san wanne ne nasa ba, don ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi da kyau ba.

Ta janye mayafi daga bakinta.

"Lawal!"

Sunan ya fito a shaƙe, baƙo a harshenta. Wani mai tsire ya waiwayo, wani ɗan dako ma ya amsa, don Lawal ba ɗaya ba ne a Dutsin-Ma. A kan mota ba wanda ya motsa.

Turai ta taka har tsakiyar titi, ta ɗora hannu biyu a ka, ta tattaro duk muryar da ta adana tun ranar da ta haife shi.

"Lawal ɗana! Lawal na Turai! Ni ce innarka!"

Tasha ta yi tsit.

Motar ba ta tsaya ba. Ta kai kwana, ƙura ta fara rufe ta.

Sai wani dogo ya miƙe tsaye a kan buhuna, yana dafe da cinya ɗaya. Ya juyo. Ya ɗaga sandar da ke hannunsa ya shiga dukan bodin motar da dukkan ƙarfinsa don direba ya tsaya.

Kwam! Kwam! Kwam!